Baƙa, Fara da Wurin Zaman Inna Fusae

Kanazawa, 19 ga Mayu

Zuwa ga Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aiki kuma bai cinye ki ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin masu hasashen yanayi su buɗe baki.

Kada ki yi ta juya ambulan kina neman ko wane ne. Ni ne Shigenobu, ɗan ƙanin kakarki, wanda ya zauna kusa da ke a taron tunawa da ita ya hana ki cin abinci da tambayoyi. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshi. Ta ce in kira ki kawai, na ce mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana buga wa wasiƙun jama'a hatimi ba ya faɗin magana mai nauyi a iska.

An ce aikinki haɗa sautin finafinai, don haka kin san na'urar nan da ke karɓar sauti ta rarraba wa lasifikoki, na gaba ya ɗauki magana, na gefe su ɗauki ruwan sama, na baya su ɗauki dawakai. Tawa ta tsufa. Tsurugi mai shagon kayan sauti, abokina tun makaranta, ya ara mini guda biyu in gwada, in riƙe ɗaya in mayar masa da ɗaya ƙarshen Yuni. Sunayensu duk lambobi ne, sai na raɗa musu Baƙa da Fara. Zan ba kowacce mako biyu, don sauya wayoyin lasifika bakwai ba aikin da gwiwata za ta yarda da shi kullum ba ne.

To ga ainihin maganar. Shekara arba'in da ɗaya, duk Lahadi bayan abincin rana, ni da Innarki Fusae muna zama a ɗakin nan mu kalli fim. Tun sanyin da ya wuce ta daina. Yau wanki, gobe guga, jibi ƙanwarta ce za ta kira. Sau ɗaya tak ta ce 'yan wasan yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Abin haushin, a sanyin nan ne na ƙara lasifika biyu a gefe, da hannuna na kafa su, wato lokacin da ɗakin ya fi daɗi shi ne ta guje shi.

Ni mai son kiɗa ne, kin sani. Amma ba zan ɓoye miki ba, kallon fim ni kaɗai yana damuna ƙwarai. Ina son na'urar da za ta dawo mini da ita ɗakin. Faɗa mini yadda ƙwararru suke gwaji.

Kawunki,
Shigenobu

Tokyo, 25 ga Mayu

Kawu,

Wasiƙarka ta same ni lafiya, na kuma ji daɗinta ba kaɗan ba. Rabona da ganin ambulan mai rubutun hannu har na manta. Ka gaishe da gwiwa, ka gaishe da Inna Fusae da kyau. Ai ban manta da kai ba, har yanzu ina tuna kifin da ya huce a gabana ina yi maka bayanin dalilin da ya sa tsawa a fim ba tsawar gaske ba ce.

Gwajin ba wuya, sai dai yana son gaskiya. Ka zaɓi waƙa ɗaya da fim ɗaya, kada ka sauya su. Ƙarfin sauti ya zama ɗaya, don kunne maƙaryaci ne, duk wadda ta fi ƙara ita zai ce ta fi daɗi. Kowace na'ura tana da ɗan makirufo da take auna ɗaki da shi. Ka ajiye shi daidai tsawon kunnenka in kana zaune a ƙasa. Hoton da ke cikin littafin na'urar na masu zama a kujera ne, kada ka bi shi. Na ƙarshe, kuma shi ne babba, kada a canza komai a ɗakin tsakanin Baƙa da Fara. Ko labule kada a taɓa.

Yanzu ka yi mini izini in yi rashin kunya. Kawu, ka tabbata laifin na'ura ne? Mace ba ta barin abin da ta yi shekara arba'in tana yi saboda akwati mai wayoyi. Ko dai ka yi mata wani abu ne ka manta? Ku maza kun iya wannan mantuwar.

'Yarka,
Chizuru

Kanazawa, 9 ga Yuni

Chizuru,

Na ga takardarki. Muna lafiya. Damina ta kama, Innarki ta cika gidan da ƙanshin ume, 'ya'yan itacen nan masu tsami da take jiƙawa a gishiri. Bayana ne kawai ke ciwo, don ranar ɗaya ga wata mun cire ƙofofin takarda mun sa na asabari kamar kowace shekara, kuma ni ne mai ɗauka.

Tambayarki ta ƙarshe ban san inda kika samo ta ba. Ban yi mata komai ba. Na ma tambaye ta, na ce, "Fusae, na yi miki wani abu ne?" Ta dube ni ta ce, "Yau kuma me ka ci?" Shi ke nan. Ku mutanen fim, da kuka lalata kunnen duniya da fashe-fashe, komai sai kun nemo masa rikici.

Ga sakamako. Baƙa ta yi mako biyun ƙarshen Mayu. Kai, Chizuru! Na sa faifaina na kiɗan jaz na mawaƙiyar nan mai muryar mura, sai ga ta tsaye a gabana, har jan numfashinta ina ji. Mai babbar garaya yana can hagu, kowace tsirkiya daban. Na saurari faifan nan ya fi sau ɗari biyu, ban taɓa sanin akwai wanda ya yi tari a ciki ba sai ranar. Fim kuwa, na 'yan takobi na sa, wanda ake faɗa a kan gada cikin ruwa. Maganarsu tar-tar. Na kira Innarki, ta zo da tiren shayi, ta durƙusa a wurinta na bakin ƙofa kamar minti biyar, ta ce, "Ya yi kyau," ta tashi wai ta bar tukunya a wuta. Na leƙa kicin daga baya, babu wata tukunya.

Fara ta hau ranar biyu ga Yuni, kuma ba sai na ɓata tawada a kanta ba. Mawaƙiyata ta rame. Garayar ta koma kamar ana kaɗa igiyar shanya. Sautin ma ba ya zama a ɗaki, yawo yake tafiya. Shekaranjiya Okabe mai awara na maƙwabta ya tare ni ya ce, "Shigenobu, wai a ƙarshe an kashe wanda suke kira mai gemun nan kuwa? Na ji ya yi ihu, sai mai saye ya shigo." Mutum yana shagonsa yana kallon fim ɗina da kunne!

Baƙa ta ci, babu ja. Sai dai wadda aka yi gasar dominta ba ta zauna wa ko ɗaya ba. Me kuma zan yi?

Kawunki,
Shigenobu

Kanazawa, 19 ga Yuni

Chizuru,

Muna lafiya. Kwana goma ke nan, shiru. Na san daidai kwanakin da takarda ke yi tsakanin nan da Tokyo, kada ki ce mini hanya ce.

In maganar lalata kunnen duniya ce ta ɓata miki rai, to ba ke nake nufi ba, sauran nake nufi. Tsoho ne ni, bakina yana riga ni fita. Na sake karanta abin da na rubuta a zuciyata, na ga ya yi kaushi. Ki yi haƙuri.

Saura kwana goma sha ɗaya in mayar wa Tsurugi da ɗaya. Lahadi biyu sun sake wucewa ni kaɗai.

Kawunki

Kanazawa, 20 ga Yuni

Chizuru 'yata,

Ni ce Fusae. Ina fata kina cin abinci a kan lokaci, ranar taron nan na ga kin rame. Wannan takardar Kawunki bai san da ita ba, a akwatin bakin kasuwa zan jefa ta.

Ya bar wasiƙarki a kan tebur na karanta. Na yi dariya har na share hawaye. Bai yi mini komai ba, 'yata, shi ko faɗa bai iya ba, sai dai gunaguni. Amma tun da kika yi shiru yake zarya zuwa akwatin ƙofar gida sau uku a rana, shi ya sa na ce bari in faɗa miki gaskiya.

Kin san wurin zamana. Shi yana tsakiya, ni matashina yana bakin ƙofa, inda zan tashi in ɗauko shayi ba tare da na gifta gaban kowa ba. Nan uwar mijina ta nuna mini ranar da na shigo gidan, nan nake. To lasifikokin da ya ƙara a sanyi, ɗaya a jikin ginshiƙin ƙofa ya kafa shi, taƙi ɗaya da kunnena. Tun daga ranar, in aka sa fim, ruwa da dawakai da ƙarar takobi duk a kaina suke sauka. Ina ganin bakin mutane yana motsi, ba na jin ko kalma.

Da fari na tsorata, na zaci kurumta ce. Na je wurin likita a ɓoye, ya ce kunnena ya fi na shi likitan ma. Sai na gane lasifikan ne. Amma ta yaya zan faɗa? Kwana uku mutumin nan ya yi a kan tsani da wannan gwiwar. Da ya gama ya kira ni, fuskarsa kamar ta wanda ya ci jarrabawa, ya ce, "Fusae, saurara, ruwa har ta gefenki!" Na ce masa ya yi kyau. In na ce a cire, na kashe masa jiki. In na koma tsakiya in zauna kusa da shi kamar baƙuwa, ni kaina ba zan sake ba.

Ni ma ina kewar Lahadin nan, ba shi kaɗai ba. Ki nemo dabara, amma kada ki ce ni na faɗa.

Innarki,
Fusae

Tokyo, 23 ga Yuni

Kawu,

Haba Kawu, wane irin fushi? An tura mu tsibirin Amami ɗaukar kukan tsuntsaye da igiyar ruwa, ba shiri, mako uku. Jiya na dawo baƙa ƙirin, sauro ya gama da ni, na tarar da wasiƙu suna jirana. Maganar kunnen duniya kuwa na karanta wa abokan aikina, sun ce gaskiya ka faɗa.

Yanzu zauna da kyau. Na ce kada a taɓa ko labule, kai kuma ka cire bango biyu na ɗakin! Baƙa ta yi waƙarta ƙofofin takarda suna rufe, suna riƙe mata sauti. Fara ta zo ta tarar da asabari, wanda aka yi shi musamman don iska ta ratsa. Inda iska ta bi, nan sauti zai bi, shi ya sa rabin fim ɗinka yake shagon mai awara. Ba Baƙa da Fara ka gwada ba, sanyi da damina ka gwada. Ka ba Fara haƙuri, ka roƙi Tsurugi ya ƙara maka mako ɗaya, ka sake su duka biyu da ƙofofi iri ɗaya.

Akwai kuma ƙa'idar da na manta ban rubuta ba, laifina ne. Mu a wurin aiki ba ma yanke hukunci daga kujera ɗaya. Sai mun zauna a kowane wuri da mai kallo zai zauna. Don haka ka sa fim ɗin gadar nan, ka zauna a kan kowane matashi da ke ɗakin, minti goma-goma, da kowace na'ura. Kowane matashi na ce, Kawu, kada ka tsallake ko ɗaya.

'Yarka,
Chizuru

Kanazawa, 3 ga Yuli

Chizuru,

Sannu da dawowa. Ki shafa wa cizon sauron magani, kada ki sosa. Mu lafiya.

Da na karanta maganar ƙofofi sai da na yi gardama da takardar. Na ce ai ni ban canza ɗaki ba, lokaci ne ya zo. Wa ke kiran sauya ƙofa canji? Daga baya na yarda. Na fito da ƙofofin takarda na mayar da su a tsakiyar wannan zafi. Innarki ta riƙe baki ta ce, "Yanzu unguwa za ta ce wani ne ba lafiya a gidan nan." Ba ta rufe baki ba sai ga matar Okabe da kwanon awara, wai ta zo dubiya. Okabe kuwa cewa ya yi na yanke masa fim a tsakiya.

Na ba Fara haƙuri kamar yadda kika ce. Ashe ba ramammiya ba ce. Duk da haka a kiɗa Baƙa ta fi ta, ko a gaban wa zan faɗa. A wurin Fara mawaƙiyata tana waƙa da kyau, a wurin Baƙa kuwa ni take yi wa.

Sai ƙa'idarki ta biyu. Matashi biyu ne kawai a ɗakin, nawa da na Fusae. Na jira ta tafi kasuwa, don kunya nake ji a gan ni a wurin. Chizuru, shekara arba'in da ɗaya ina cikin ɗakin nan da matar nan, ban taɓa zama a inda take zama ba. Na sa Baƙa, na sa faɗan gada. Ruwa ya zubo mini a kunnen dama, doki ya bi ta kaina, mai gemu yana can yana motsa baki kamar kifi a kwano. Ban ji kalma ɗaya ba, a fim ɗin da na haddace. Minti goman da kika ce ban iya cikawa ba. Ita kuwa ta yi wata shida tana ce mini ya yi kyau. Na kashe na'urar na zauna a wurin, kunya da tausayi suka rufe ni, har sai da na ji motsinta a ƙofar gida na yi wuf na koma nawa.

Na so in ɗauke lasifikan, amma duk ɓangaren ƙofofi ne, ginshiƙin nan kaɗai ke riƙe ƙusa. Sai na koma littattafan na'urorin. Baƙa wuri ɗaya take aunawa, mutum ɗaya ta sani a duniya. Fara tana karɓar wuri fiye da ɗaya. Na ɗora makirufon a matashin Fusae, daidai tsawon kunnenta, wanda sai da na auna da ido tana yankan albasa. Fara ta yi 'yan ƙararrakinta, ta sassauta na ginshiƙi, ta ɗaga na magana. Na sake zama. Mai gemu ya buɗe baki, na ji shi sarai.

Jiya na mayar da Baƙa. Na sa faifaina sau ɗaya kafin in cire ta, ba zan ce ban ji zafi ba. Tsurugi ya ce, "Kai da kiɗa? Ka ajiye wannan ka ɗauki waccan? Tsufa ya taɓa ka." Na ce masa ya kama bakinsa ya karɓi kayansa.

Ban ce wa Innarki komai ba. Lahadi za mu gani. Wannan ƙa'idar taki ta biyu, anya a wurin aiki kika samo ta? Ba sai kin amsa ba.

Kawunki,
Shigenobu

Kanazawa, 8 ga Yuli

Chizuru 'yata,

Muna lafiya. Na aiko miki da kwalbar ume, ki ci ɗaya kowace safiya da shinkafa. Wannan karon Kawunki ne zai kai takardar gidan waya da kansa, na kuma liƙe ta da kyau.

Jiya bayan abincin rana na fara tattara kwanuka ina shirya ƙaryar da zan yi. Sai ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya ya ce, "Minti biyar kawai. In bai yi ba, ki tafi gugarki." Na shiga na durƙusa a wurina. Sai na ga ya ja matashinsa daga tsakiya ya kawo kusa da nawa. Na ce, "Malam, ka tare mini hanyar shayi." Ya ce yau shi zai kawo. Ya kawo kuwa, mai ɗaci kamar magani, na shanye.

Sabon fim ya sa, na wasu 'yan'uwa mata masu gidan wanka. Da babbar ta buɗe baki na ji ta kamar a gefena take. Na ji ƙaramar, na ji har tsohuwar da ke gunaguni a bayansu. Minti biyar suka wuce ban sani ba. Tsakanina da ke, fim ɗin ba wani daɗi gare shi ba, ƙarshensa ma shirme ne. Amma na ji kowace kalma, na yi dariya inda ake dariya, kuma na ji daɗi irin wanda na daɗe ban ji ba.

Sau uku ina juyawa ina kama shi yana kallona. Na ce, "Fim ɗin yana gaba." Ya ce ya sani. Da aka gama na tambaye shi wace ce a cikinsu ta auri mai gyaran tukunyar ruwan zafi. Ya yi tari, ya ce ai shi sautin yake saurara. Bai ma san akwai mai gyaran tukunya a fim ɗin ba, 'yata. Na ce to Lahadi mai zuwa sai mu sake shi daga farko, ni in ba shi labari.

Innarki,
Fusae